Zinare ko Azurfa

A Kudai, tashar motoci ta Makka, aka sauke mu da rana tsaka, mu da jakunkunanmu. Kwalta tana tururi, manyan motocin masu ibada suna shiga suna fita, kowa yana ihu da yaren da ban taɓa ji ba. Wakilin ejan ɗinmu, wani mai jajayen haƙora da ake kira Mati, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya karɓe fasfo, wai don kada ya ɓata. Daga nan ya miƙa wa kowa baƙar abaya da niƙabi. Sauran matan da muka zo tare suka hau ƙorafin zafi da rashin iska. Ni kuwa ina ɗaura nawa na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, domin rabona da in tsaya a tsakiyar mutane ba mai ƙare mini kallo tun ina yarinya.

Gara in faɗi ko ni wane iri ne tun yanzu, don kada a yi ta zagaye-zagaye. Sunan yankana Rabi, amma a garinmu, Kwarin Gamji, kowa Auta yake ce mini. Allah ya halicce ni mata-maza. An raɗa mini sunan mace, na tashi da ɗankwali, sai da na fara girma murya ta buɗe, gashi ya tsiro a haɓata. Innata tana ce mini "ke" har gobe. Yayana Habu kuwa tun muna buga ƙwallo a bayan gida ya koma ce mini "kai". Duka ina amsawa. Wani likita a birni ya taɓa cewa za a iya yi mini aiki a gyara ni in koma ɓangare ɗaya, na tambaye shi abin da ya lalace da za a gyara. Ban taɓa jin ni namiji ne kawai ba, ban kuma taɓa jin ni mace ce kawai ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in yi wa Allah ƙarya a kan abin da shi ya yi ba.

Ba talauci kaɗai ya kawo ni Makka ba. Ina koyarwa a firamaren garinmu aka rage shekarun tsayawa takara, sai samari da 'yan matan da muke ƙungiya tare suka ce in fito neman kujerar majalisar dokokin jiha. Na yarda, har da ɗan jin kai, don na san na fi wanda ke kan kujerar iya magana. Aka buga fosta. Ba a jima ba aka bi su da alƙalami, wasu aka zana mini gemu har ƙirji, wasu aka shafa mini jan baki da manyan 'yan kunne. Ranar kasuwa wani ɗan barandan siyasa ya hau lasifika ya ce a fara gaya wa jama'a wane banɗaki za a gina wa Auta a majalisa. Kasuwa ta ɗauki dariya. Ni na iya shanye wannan, Inna ce ba ta iya ba. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna, har ɗiban ruwa sai ta aika. Wata ranar ta kira ni ɗakinta ta ce, "Auta, in kina son in mutu da mutuncina, ki janye." Na janye, na kuma yi mata rantsuwa ba zan sake tsayawa ba sai in ita ce ta ce in tsaya. Kujerar ba ta fita daga raina ba, garin ne ya fita, shi ya sa da ejan ya ce akwai aikin koyar da 'ya'yan Hausawa a Makka ban tsaya bincike ba.

Makarantar da aka yi mini alkawari ta zama wani gida a hawa na sama a unguwar Shisha. Mati ya tura ni ciki, ya yi wa matar gidan Larabci da sauri, ya juya ya ce mini, "Wannan ita ce Madam. Shugul ɗinki, wato aikinki, kula da tsohuwarta ne. Ki kama bakinki, ki kama aikinki, kin ji ko?"

"Ina ɗaliban?" na tambaye shi.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ga ɗaliba nan a kwance, sai ki koya mata."

Tsohuwar uwar Madam ce, rabin jikinta ya shanye. Kafin zuwana 'yan aiki sun yi ta gudu saboda ba sa iya ɗaga ta. Ni kuwa ƙarfin damtse ba daga baya ba, sai in sunkuce ta kamar jaririya in kai ta banɗaki, in yi mata wanka, in shafa mata man zaitun a baya. Madam ta yi ta masha Allah, tana kiran ƙawayenta suna leƙowa su ga 'yar aikin da ta samu. Albashi dai a hannun Mati yake sauka, kullum na tambaya sai ya ce yana tara mini. A cikin gida ba a sa niƙabi, saboda haka kowace safiya kafin kowa ya motsa sai in kulle banɗaki in kankare haɓata, in ja mayafi ya rufe rabin fuska, in riƙa magana ƙasa-ƙasa kamar mai mura. Wanda ya taɓa tsayawa gaban aji yana ihu daga safe zuwa azahar ya san irin wahalar da ke cikin wannan.

Tsohuwar ta gane ni tun da wuri. Wata rana ina gyara mata matashi ta ɗago hannunta mai lafiya ta shafa kumatuna, ta ji kaushin. Ta daɗe tana kallona da idanunta masu hazo, sannan ta lalubo dabino a ƙarƙashin matashin, inda take ɓoye shi don likita ya hana ta, ta sa mini a baki ta ce, "Kuli, ya binti," wato ci, 'yata. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ni ma ban taɓa tona asirin dabinonta ba. Haka muka zauna, ba ta jin Hausa, ba na jin Larabci sai na salla, amma ban taɓa samun abokiyar hira irinta ba. Ranar da ta rasu ni na rufe mata ido, kuma na yi kukan da ban yi ba ranar da na janye takara.

Ba a gama karɓar gaisuwa ba 'yar Madam ta turo ƙofar banɗakin da na manta ban sa wa sakata ba, ta gan ni da reza a hannu. Ihun da ta yi sai ka ce ta ga maciji. Madam ta fito tana "Barra! Barra!" tana nuna mini ƙofa, tana tofar da yawu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ta hau goge hoton uwarta da gefen mayafi, kamar na bar datti a jikin matar da na yi ta ɗauka da hannuna. Na kira Mati, lambar ba ta shiga. Har yau ba ta shiga ba, fasfona ma har yau ban sake ganinsa ba.

Wani direban tasi ɗan Sudan ne ya tsince ni a bakin titi, ya ji ina surutu ni kaɗai da Hausa, ya ce in shiga. Bai tambaye ni komai ba, ya kai ni unguwar Mansur ya nuna mini wani lungu ya ce can mutanena suke. Kafin in ga kowa hancina ya riga ya isa gida: ƙamshin daddawa, hayaƙin tsire, man ja yana soyuwa. Ga Hausar Kano, ga ta Maraɗi, ga yara baƙaƙe wuluk suna faɗa da Larabci. Na zauna a kan wani dakali gefen wata mai tuwo, ban san na yi kuka har niƙabin ya jiƙe ba.

"Ke ɗiya, mi as same ki?"

Mai tuwon ce. Hajiya Dije sunanta, Basakkwatiya, gajeriya, mai faɗi, da haƙorin zinare biyu. Ta zo aikin Hajji tun tana da jinin ƙuruciya ta ƙi komawa. Ban san abin da ya hau kaina ba, na ɗage niƙabin na ba ta labari duka da muryata ta gaske, na ce gara ta kore ni yanzu da ta kore ni gobe. Ta saurara tana kwashe tuwo ba ta ko ɗago ba.

"Kin gama?" ta ce. "To ni ba ruwana da abin da ag ga ƙasan zanenki, ba ni na yi ba. Kin iya tuƙi?"

"Na iya."

"Kalas. Ga muciya nan. Wanga hannu naki ba na zaman kuka na ba."

Haka na zama takari, mazaunin Makka ba takarda. Muna tashi mu hura wuta, in tuƙa tukunyar da mata biyu ke kamawa, Dije ta haɗa miya tana zagin tsadar kuka da kuɓewa. Magina da masu tura keken marasa lafiya a Harami su ne masu cin abincinmu. In aka ce motar kame ta shigo unguwa sai kowa ya ɓace, tuwo ya ƙone a kan wuta. Ranar Juma'a nakan kira Inna. Mu gaisa, ta gaya mini akuyarta ta haihu, rufin ɗaki yana yoyo, wance ta rasu. Ba ta taɓa tambayata yaushe zan dawo ba, ni ma ban taɓa ɗauko maganar ba. In na ajiye wayar sai kewar abin da ban taɓa zaton zan yi kewa ba ta kama ni, kamar ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari, ko hayaniyar ɗalibaina in an tashi tara.

Gaskiya na ji daɗin ɓuya. Wannan shi ne abin da nake jin kunyar faɗa wa masu ɗaukata jarumi. A Mansur ba wanda ya damu da ni. Kowa yana da abin da ya gudo wa, kuma an yi yarjejeniyar da ba a furta ba cewa ba mai tona na wani. Na yi ƙiba, na koyi ciniki da Larabci, har na fara tunanin nan zan tsufa in gaji muciyar Dije.

Zulai ce ta ɓata mini wannan lissafi. Wata yamma aka kawo mana wata yarinya da ƙunar dutsen guga a hannu, ta gudo daga gidan aiki. Ina ce mata sannu ta ɗago da sauri ta ce, "Malama Auta?" Ɗalibata ce, ni na koya mata jimla a aji shida, tana zama a layin gaba saboda ba ta gani sosai. Ejan ɗin da ya kawo ni shi ya kawo ta, da alkawarin aikin asibiti. Ta ce yanzu a garinmu har layi ake bi a ƙofar gidansa, kuma duk taron da ɗan majalisarmu ya yi yana gefensa a zaune cikin babbar riga. Ta lissafa mini 'yan matan da suka taho kafin ita, kusan duk na san iyayensu, wasu ma na san rubutun hannunsu.

Ranar na ƙona tuwo ba tare da motar kame ta zo ba. Da na huce na ɗauki waya na yi wa Habu saƙon murya mai tsawo, na faɗi yadda ake karɓe fasfo a Kudai, yadda ake cinye albashi, yadda hannun Zulai yake. Na ce ya kunna wa uwarta kawai. Shi kuwa Habu, da ba ya iya riƙe abu, ya tura wa duniya. Sai ga saƙonni suna dawowa: wata tana tambayar ko na ga 'yarta, wani yana son in gaya masa gaskiya kafin ya sayar da gona ya biya ejan. Na ci gaba da yi, duk mako. Habu ya ce ana kunna ni a wurin mai shayi, ana kunna ni a injin niƙa. Abin ya ba ni dariya mai ɗaci. Muryar da aka yi wa ihu a kasuwa lokacin da take tare da fuskata, ita ce yanzu ake yi wa tsit.

A shekarata ta biyu Dije ta samu aikin dafa wa wata tawagar alhazai, ta sa ni cikin masu girki, da haka Allah ya nufe ni da aikin Hajji. Na je wurin wani malami a unguwarmu na tambaye shi yadda irina ke ɗaukar harami. Bai yi mamaki ba, ya ce malamai sun yi maganarmu tun da daɗewa, in sa suturar mata don ta fi rufewa. Sannan ya tuna mini abu biyu da suka tayar mini da hankali: mai harami ba ya ɗaura niƙabi, kuma ba ya aske ko da gashi ɗaya. Ina iya sako mayafi ya rufe fuska, amma wa zai tuƙa tuwo a zafin Mina da ƙyalle a kan ido? Kafin ranar Arfa haɓata ta yi baƙi ƙirin a cikin farin hijabi.

Na fita daga tanti ranar ina jiran abin da na saba. Ba abin da ya faru. Mutane sun cika fili iyakar ganin ido, kowa ya ɗaga hannu yana kuka da nasa, ba mai lokacin haɓar wani. Wata tsohuwa, daga ganin hular da ke kan hijabinta 'yar can gabashin duniya ce, ta ga rana tana dukana, ta matso ta raba lemarta da ni. Ta kalle ni sosai, ta ga gemun, ta ga hijabin, ta gyara riƙon lemar don ta fi rufe ni, ta ci gaba da addu'arta. Muka tsaya a haka har rana ta yi sanyi. A nan na gane abin da ke damuna. Na tsaya gaban Allah da fuskata a buɗe bai kore ni ba, amma ina ɓoye ta saboda mai lasifikar kasuwar Kwarin Gamji.

Bayan salla Habu ya kira, cike da murna. Wata ƙaramar jam'iyya tana son ba ni tikitin takarar majalisar jiha a mazaɓarmu. Ya ce ba ni kaɗai ba ne, matasa da yawa sun fito a jihar, har a wata mazaɓa akwai wani irina da ya ce in na tsaya shi ma zai tsaya.

"Amma fa dattawan jam'iyya sun kafa sharaɗi," in ji shi. "Ka san mutanenmu. Sun ce ka sako haƙorin Makka, a ɗauki hoton fosta kana murmushi, kowa ya ga ibada ka je ba gudu ka yi ba. In azurfa ka sa, a rubuta Alhaji. In zinare, a rubuta Hajiya. Su dai a huta da tambaya."

"Inna fa?"

"Na ɗauko mata maganar ta tashi ta shiga ɗaki."

Na gaya wa Dije. Ta ajiye ludayi ta zauna, abin da ba ta cika yi ba da rana. "Kin san mi kika shirin yi? Ba ki da fasfo, ba ki da igama, takardar zama. Sai dai ki kai kanki tarhil, gidan masu maida mutane ƙasarsu, su tsare ki, su ɗauki yatsunki, su sa ki jirgi. Kuma wanga gari kin bar shi ke nan. In tsohuwa ta ce a'a, ba ki da kujera, ba ki da Makka."

"Na sani."

"To ki tambaye ta mana tun kina nan."

Juma'a ta zo na kira, muka yi maganar akuya. Wata Juma'ar ta zo, muka yi maganar yoyo. Ni da na iya tsaga ejan da ɗan majalisa a saƙon murya, na kasa buɗe baki in yi wa tsohuwa ɗaya tambaya. Tsoro nake ji, tsoron ta sake cewa in janye, domin na san in ta faɗa zan bi, kuma wannan karon ba ni da wata ƙasar da zan gudu.

Dije ta gaji da ni. Wata safiya ta ja hannuna har shagon Malam Isiya mai haƙori, wani ɗan Damagaram da ke da ɗan ɗaki a bayan masu sayar da turare. Ta ce ko an yi takara ko ba a yi ba, ba a barin Makka baki fari. Ya zaunar da ni a kujerarsa, ya ce in ɗage niƙabi. Na ɗage. Ya dube ni, ya dubi Dije, ya jawo faranti mai ɗauke da 'yan kofunan haƙori, rabi ja rabi fari, ya ɗauko abin da yake feƙe haƙori da shi kafin ya ɗora.

"To, baiwar Allah... ko bawan Allah," ya ce yana sosa ƙeya. "Ni dai ka'idata ɗaya. Zinare na mata ne, haramun ne ga namiji. Azurfa ta maza. Wanne za a sa?"

Na zura wa farantin ido. Na san abin da kowanne zai saya mini. In na ɗauki fari, maza za su ce to yanzu ya dawo hanya, mata kuma su daina shigar da ni ɗakunansu suna gaya mini abin da ba sa gaya wa maza. In na ɗauki ja, a ce ga mai gemu da zinare. Kowanne na ɗauka, zan yi murmushi a kowace bishiyar mazaɓarmu da ƙarya a bakina, kuma ƙaryar ba ta cirewa sai da haƙorin.

"Malam bai da yini guda don ke," in ji Dije. Kafin in ankara ta zare wayata daga jaka, ta danna lambar Inna, ta gaishe ta da Sakkwatancinta, ta ce, "Ga ɗiyarki nan tana da magana," ta manna mini a kunne.

Muka gaisa. Ina jin ƙarar tsintsiya ta tsaya. Na ce, "Inna, ga ni a gaban mai haƙorin Makka. An ce in zaɓa, zinare ko azurfa, saboda fosta." Ban ƙara komai ba. Ta san sauran.

Na ji ta jingine tsintsiyar.

"Uwar Zulai ta zo nan," ta ce a hankali. "Ta durƙusa mini a tsakar gida tana godiya saboda ke, mace da furfurarta. Na rasa inda zan sa kaina." Ta yi tari. "Shekaranjiya na kai niƙa, aka kunna ki. Wata baƙuwa ta ce wai muryar wa ce wannan. Kafin kowa ya ba ta amsa na ce tawa ce, ni na haifa."

Hawaye suka fara zubo mini, Malam Isiya ya juya yana goge farantin da ba shi da datti.

"Wancan karon kunya na ji, Auta. Na ce ki janye, kika janye, kika tafi. Kunyar ba ta tafi ba, ke ce kawai kika tafi." Muryarta ta ɗan yi ƙarfi. "Haƙoran nan ni na kwana da zazzaɓin fitowarsu, ni suka fara cizo. Kada ki bari a feƙe mini ko ɗaya. Ki dawo da su yadda na san su."

"Takarar fa, Inna? Za su zage mu, fiye da na da."

"Za su zage mu," ta ce. "Ki gaya wa Habu ya gyara mini ƙafar kujerata 'yar tsugunno. Gwiwata ba ta jure tsayuwar layi."

Malam Isiya ya yi ta mitar an ɓata masa lokaci, Dije ta ce ya yi haƙuri, in ta mutu ya cire nata biyun ya sayar. Ranar da zan kai kaina ta raka ni har bakin titi, ta cusa mini ƙullin dabino da busasshen nama, ta ce in ci kafin su ƙwace. Ba mu yi sallama mai tsawo ba, don duk mun san ba za mu sake ganin juna ba sai a waya. Zaman tarhil ba shi da daɗin faɗa, amma ya wuce.

Dattawan jam'iyya sun yi fushi da suka ga bakina fari, sai dai lokaci ya ƙure musu, suka buga fostar da sunan Auta kawai. An zage mu kamar yadda Inna ta faɗa, har da ƙari. Ban ci zaɓen ba, na zo na uku, kuma ejan yana nan da babbar rigarsa, ko da yake layin ƙofar gidansa ya ragu. Amma ranar zaɓe, kafin ma'aikata su gama jera akwatuna, Inna ta riga kowa isa rumfar, da kujerarta a ka. Ta sauke ta a gaban layi, inda duk wanda ya zo sai ya wuce ta gabanta, ta zauna, ta yaye mayafinta daga fuska. Duk wanda ya gaishe ta sai ta amsa da ƙarfi, ta ƙara da cewa, "Ni ce uwar Auta."